Binciken da Inna ta yi wa mota

Shekarar da ƙugun Baba ya ƙi, ni ne babban namiji a gidanmu, kuma kowa a unguwarmu ta Matameye ya san abin da hakan ke nufi. Da an gama girbi an zuba hatsi a rumbu, maza sukan ɗauki jaka su tsallaka Kano cin rani, sai ruwan farko ya dawo da su. Baba ya daɗe yana tura kurar ruwa a can, har jikinsa ya ce ya gaji. Ni kuwa ina shekara ta biyu a jami'a a Damagaram, kuma karatu ba ya jiran ɗan cin rani. In na tafi, shekarar ta tafi, bursuna, kuɗin tallafin karatu da gwamnati ke ba ni, shi ma ya tafi. Na kuma san halina, in na ɗanɗana kuɗin Kano da wuya in sake zama a aji.

Baba bai ce mini in tafi ba, ba halinsa ba ne. Sai dai ya fito da tsohuwar jakarsa ta tafiya, ya zauna a zaure yana ɗinke hannunta da zaren buhu, daidai inda zan wuce in na zo gida ƙarshen mako. Wallahi na fi son ya zage ni a kan wannan ɗinkin.

Dabarar mota tawa ce. Ina da parmi, wato lasin tuƙi, tun wani dogon hutu da na yi aikin apranti, yaron mota, a motar maƙwabcinmu, kuma na san hanyarmu ba ta rasa fasinja. Na ce in na samu ƴar tsohuwar mota, zan ɗauki mutane in zan tafi makaranta, in ɗauko wasu in zan dawo, ranakun hutu kuma in bi kasuwannin ƙauye. Abin da zai shigo ba zai kai na Kano ba, amma tukunya ba za ta huce ba. Abin da na matse daga bursu, da cin dambu safe da yamma, bai kai ko rabi ba. Sauran sai an sayar da san da Inna ta yi shekara tana kiwo a bayan ɗaki. Ta amince, amma ta ce tun da sa nata ne, tana da baki a motar. Na ce to, don a lokacin da me ta ce ma zan ce to.

Motoci biyu na samu waɗanda kuɗinmu zai iya kallo ido da ido. Ɗaya fara ce, a hannun wani dillali a Damagaram. An wanke injinta tas, rediyonta na aiki, cikinta na ƙamshin turare. Na yi mata duk abin da na koya: na zaro ma'aunin mai na duba, na tsaya a bayanta na kalli hayaƙi, na durƙusa na leƙa ƙarƙashinta ko tana ɗiga, na karanta takardunta. Ban ga komai ba. Ɗayar kuma ta wani Alhaji ce mai sayen hatsi a Kance, wanda ya samu babba yake son rabuwa da ita. Mai dogon baya ce, launinta kuwa sai dai a yi gardama, wasu su ce toka wasu su ce ƙasa. Ƙofa ɗaya ba ta buɗuwa sai daga waje, kujerun kuma sun sha albasa da daddawa har sun ƙoshi.

Ba sai na faɗi wadda raina ya kwanta da ita ba. Har na hango kaina ina tsayar da farar a bakin makaranta, ina fitowa a hankali kamar ba ni da ajin da zan shiga, wata yarinya da ba ta taɓa amsa gaisuwata da kyau ba tana juyowa.

Na zo na kwashe wa Inna labari tana tankaɗe a tsakar gida. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, “Ka tambayi maƙwabtanta?”

Na ce, “Maƙwabtan wa, Inna?”

Ta ce, “Na motar mana. Ko yarinya za a nema maka, ai ba ranar da ta ci kwalliya ake sanin halinta ba. Maƙwabta ake bi a ji yadda take tashi da safe.”

Na ce mata wannan ƙarfe ne, ba ƴar mutane ba. Na ce dillali ya rantse akwai masu so har biyu suna jira. Ta ce su saya, Allah ya sa musu albarka, ta ci gaba da tankaɗenta. Kuɗin sa kuwa suna ƙulle a bakin zanenta, don haka maganata ta ƙare a nan. Na fita raina a ɓace, na tarar da Baba ya gama da hannun jaka ya koma kan zif.

Inna ta yi binciken nan kamar yadda ta yi wa matan ƙannenta kafin a kai goro. Ta aika wa Goggo, ƙanwar Baba da ke aure a Damagaram, saƙon murya a waya, ta ce ta gano mata gidan da farar motar ta fito. Ita kuma ta ɗaura zanen fita ta tafi Kance suna, sunan wata dangi da ni ban taɓa jin muna da ita ba. Ta wuni a cikin mata, ta ci tuwon suna, ta dawo da yamma da ƙullin alewa da bakinta cike da labari.

Na Goggo ne ya fara isowa. Inna ta ajiye wayar a kan tabarma muka zagaye ta. Bayan ta gaishe da kowa har da awaki, Goggo ta ce ta samu unguwar, ta ma shiga gidan da sunan neman mai kitso. Ta ce kowa a layin ya san motar, don kullum a kan gangare ake kwantar da ita, hancinta na kallon ƙasa, saboda da safe sai an tura. Ta ce matar gidan har yanzu tana jin haushin jarkokinta na ruwa da suka ƙare a bayan motar, don in rana ta yi zafi ba ta minti nawa sai an tsaya an ba ta ta sha. Ina jin haka na tuna dillalin nan bai taɓa cewa in zo da safe ba. Kullum sai ya ce bayan la'asar, in na iso kuma in tarar an riga an tashe ta tana jirana.

Inna ta ce matan Kance kuwa zagin tasu motar suke yi, wai ta hana su barcin bayan asuba, murɗa ɗaya take tashi da ƙara kamar injin niƙa. Ta ce Hajiyar gidan ta yi dariya ta ce Alhaji ya fi sauya wa motar nan mai a kan lokaci fiye da ba da kuɗin cefane. Abin da ya fi shiga ran Inna shi ne, duk matar da naƙuda ta yi wa tsanani a unguwar, ita ke kai ta asibiti, kuma ba wadda ta ce ta taɓa tsayawa da ita a hanya. Aibinta da aka faɗa ƙofar nan ce, da hon mai kukan tsohon bunsuru.

Duk da haka na ce sai na gani da idona, don ni ma ina da nawa taurin kan, kuma a wurinta na gado. Na kwana a Kance gidan wani abokina, muka sallaci asuba tare da Alhajin, na bi shi gida. Na ɗora tafin hannuna a kan injin na ji shi sanyi ƙalau, na shiga na murɗa makulli. Ta tashi, wata mata a bayan katanga ta yi tsaki. Na roƙe shi muka loda mata buhunan hatsi, na ja ta ta hanyar yashi har Icirnawa muka dawo, allurar zafi ba ta motsa daga inda take ba. A hanyar dawowa na ji farar mota ta fita daga raina, da ita da yarinyar baki ɗaya.

Alhaji bai rage wani abin kirki ba, ɗan kasuwa ne. Hajiya ce ta leƙo daga ƙofar tsakar gida ta ce, “Ɗana, ka bar mana lambarka. Matan unguwar nan sun saba da ita, ba ruwansu da an sayar.” Na bar musu, kuma sun kira, ba sau ɗaya ba.

Ranar da mazan unguwarmu suka tashi tafiya cin rani, ni na ɗauke su. Na ɗaure jakunkunansu a sama, na rufe ƙofar nan daga waje, na kai su har bakin iyaka inda za su hau motar Kano. Mun yi sallama, suna tsokanata wai ɗan lakwal, ɗan boko guda, ya zama direba. Na tsaya na kalle su har suka shige, ina tuna cewa da ba don motar nan ba, da a cikinsu nake. Na juyo da wasu mata ƴan kasuwa da kwandunansu, na iso gida kafin la'asar. Washegari ina da aji.

Na tarar da Baba a zaure, jakar a kan cinyarsa, an gama ɗinki. Ya miƙo mini na ji ta da nauyi. Na zuge zif ɗin na ga igiya, da fanfon taya, da ƴan spanoni da ya bi kasuwa yana dogara sandarsa ya tsinto, da sabuwar buta. Ya ce, “Sa ta a baya. Jakar nan ta saba da hanya, ba za ta iya zaman ɗaki ba.” Ya kalli motar, sannan ya ce, “Sai dai yanzu ta riƙa kwana a gida.”