Ganyen Zaƙi a Gidan Yayata

Shekarar da aka ce ina da ciwon suga, ma'aikaciyar asibitin Bodinga ta zaunar da ni ta lissafa abin da zan rage: tuwo, fura, kunu, shinkafa, burodi. Sukari kuwa in bar shi gaba ɗaya. Na tambaye ta ko akwai abin da ya saura, don duk abin da mahaifiyata ta raine ni da shi ta ambata. Ta ce ganye, ƙwai, kifi, nama, wake kaɗan.

Ni tela ne, kuma shayin safe shi ne ke tayar mini da keken ɗinki. Shayi ba zaƙi kuwa na gwada, sai na ji kamar ana hukunta ni kan laifin da ban sani ba. 'Yata da ke karatu a Sakkwato ce ta tausaya mini, ta kawo wani busasshen ganye a ƙaramin gwangwani. Ta ce sunansa sitibiya, yana da zaƙi amma ba ya tayar da suga. Zaƙin gaskiya ne, sai dai yana barin wani ɗaci-ɗaci a bayan harshe. Na saba. Har na fara yi wa abokan zama a kasuwa wa'azi: ni na bar sukarin kamfani, na koma zaƙin tsiro.

Bayan girbi aka yi suna a gidan yayata a Shagari, jikanta aka haifa. Ita ta goye ni, kuma har yau da furfurata ba ta kirana da komai sai Auta. Da na isa na gaishe ta, na miƙa mata gwangwanin, na yi mata bayanin cutata da dokokinta.

Ta saurara da kyau. Ta ce, "Wato sukari na shago shi ab ba ka sha?"

Na ce, "Shi ne, Yaya. Sai zaƙin da ya fito daga tsiro."

Ta ce, "To ai wanga ba wuya. Ka kwantar da hankalinka."

Da safe aka kawo mini kunun tsamiya, ƙoƙo cike. Na kurɓa sau ɗaya na san ba ganyena ba ne, don babu ɗacin nan, kuma zaƙin ya sauka har ƙirji kamar tsohon aboki. Na ce, "Yaya, me aka sa?"

"Mazarƙwaila. Ko ƙwayar sukari ba ta taɓa shi ba, ni na tsaya bisa kai."

Na ce ai mazarƙwaila sukari ce.

Ta dube ni yadda take dubana ina yaro in na faɗi shirme. "Rake hwa? Dutse ne ko ƙarhe? A fadama munka gan shi yana tsirowa."

Na buɗe baki zan ce sukarin shagon ma daga rake ake yin sa, sai na ga inda maganar za ta kai mu: in na faɗa, ta wanke sukarin shago ke nan, ya zama tsiro shi ma. Ga baƙi zaune suna jin mu, kuma a wajenmu ƙane ba ya jan musu da wadda ta goye shi a gaban surukanta. Na sha rabi, na ce na ƙoshi. Da rana aka dama mini fura da dakakken dabino, saboda dabino itace ne.

Ganyena kuwa sai bayan la'asar na san makomarsa. An kawo wa maza tuwon gero da miyar kuka. Mijin yayata, dattijo mai ƙarancin magana, ya kai loma, ya tsaya da tauna, ya dubi sama. Limamin unguwa ya haɗiye tasa da ƙyar ya ce Alhamdulillahi da wata irin murya. Miyar ta yi zaƙi kamar alewa, ga daddawa, ga barkono, ga ɗaci na biye. Yaya ta juye gwangwanin duka a tukunya. Da aka tambaye ta daga bakin zaure, ta ce ganye dai a miya ta san ana sa shi, kuma ba ta ga dalilin da Auta zai ci lafiya shi kaɗai ba.

Na koma Bodinga jiki ba daɗi, ƙishirwa ta hana ni zama a kan keke. Da aka gwada jinina, ma'aikaciyar ta cire tabarau ta tambaye ni ko biki na je. Labari ya kai wa Yaya cewa na kwanta. Washegari sai ga ta a motar kasuwa, ido ya yi ja don kuka. Ta ce a kai ta wurin matar asibitin ta ji da kunnenta.

Ma'aikaciyar ta yi mata bayani a hankali, cewa jikin ba ya tambayar inda zaƙi ya fito, rake da dabino da zuma duk hanya ɗaya suke bi. Yaya ta saurara har ƙarshe. Sannan ta ce, "To mi za shi ci?" Aka ce ƙwai, kifi, nama, zogale.

Tun daga ranar duk mai zuwa daga Shagari sai ta ba shi ƙwan zabi da busasshen zogale ya kawo mini, wani lokaci har da kaza. Ba ta taɓa fashi ba. Amma matar maƙwabcinta ta gaya mini abin da take faɗa in an tambaye ta jikina. Cewa take yi da sauƙi, Allah Ya jarrabi Auta da cutar da ba ta da magani sai nama.