Zakaran da Aka Kife da Kwando

Ban tabbata ko ina aji uku ne ko huɗu ba, amma dai lokacin sojoji ke mulki. Kakata, Iya Dije, tana tuyar ƙosai da yamma a ƙofar gidanmu a Suleja, tana ƙunshe wa masu dawowa daga aiki a Abuja a tsofaffin jaridu. Ba ta iya karatu ba, amma ta san jaridar da ɗanta, Kawu Sani, yake edita a Legas, saboda jan rubutun da ke samanta. Ita wannan ba ta taɓa bari mai ya taɓa ta ba. Wani maƙwabcinmu, Malam Bitrus, yakan karanta mata, sannan ta linke ta ajiye.

In ta sauke kasko, sai mu jikoki mu kewaye garwashin. "Matso mana, maigidana, miji ba cefane sai cin ƙosai," ta ce da ni. Sannan ta gyara zama. "Ga ta nan, ta iso gare ku."

Tatsuniyar da ta zauna mini a rai ita ce ta zakaran da yake cara duk sanda ya hango kura ta nufo garke. Kura ta kama shi, ta kife shi da kwando kwana da kwanaki. Da ta buɗe shi, sai ta watsa masa gero. Tun daga ranar ba ya cara sai kura ta ƙoshi ta tafi.

"Iya, to awakin fa?" na tambaya.

"Suka saba. Ku tashi, hayaƙi ya ishe ni."

A shekarar ne, in ban yi kuskure ba, aka rufe jaridar Kawu, aka tsare shi. Ya fito a rame. Ba a daɗe ba jaridar ta dawo, shi kuma ya zo gaida Iya a sabuwar mota. Wata yamma Malam Bitrus ya duba shafin farko, ya ce, "Mama, yau ma yabon gwamnati ne." Iya ta karɓa, ta yage ta biyu, ta ƙunshe masa ƙosai a ciki.

Yanzu na gama digiri a aikin jarida, ina yawon neman aiki. Ba na jin ina da bakin zargin Kawu, domin ban san duhun kwando ba. Abin da ke hana ni sukuni shi ne, ni ba wanda ya kife ni, amma tun yanzu gero nake nema.