Hajiyar Kawu Sallau

Duk wanda ya taɓa ba Kawu Sallau ruwa a garin nan ya san ba ya sha sai ya tsoma yatsa ya lasa, ya lumshe ido, sannan ya yanke hukunci: "Ya fara tsami." Ruwan famfo, ruwan gora, har na alwala a masallacinmu na University Heights bai tsira ba.

Ni ɗan ƙanwarsa ne, ni na zauna gida ɗaya da shi, don haka kada kowa ya ce min mutum ne mai sauƙi.

Wankin tankuna yake yi a wani ɗakin bincike a bakin ruwa. A can ya ga ana hura wa ruwan teku irin iskar da ke fita daga mota da hancin mutum, ruwan ya ɗan yi tsami, murjanin ciki ya rage girma, dutsen jikinsa ya yi rauni. Da aka gama gwajin, ya roƙi baturiyar wurin ta ba shi guda. Na zaci jan murjani ne irin na wuyan mata. Ashe wani dunƙule ne kamar ƙuli-ƙuli ya jiƙa, wai dabba ce mai ƴan hannuwa sirara, a ruwan sanyin nan na New York take rayuwa. Ya kawo ta gida ya sa ta a tankin ruwa, ya sa mata suna Hajiya.

Daga ranar na zama baƙo a gidan da nake biyan haya. Taga a buɗe ko ƙanƙara na zuba, don kada numfashinmu ya taru. Da zafi ya zo ya kwashe naman layyana daga firiza ya raba wa maƙwabta, ya jera gorunan ƙanƙarar sanyaya mata ruwa. Alhaji Mamman mai shago a Fordham Road ya zo gaisuwa, ya leƙa tankin yana ƙyaƙyata dariya, sai Kawu ya kama kafaɗarsa ya juya shi, wai ya ƙarasa dariyar a bango.

Motata kuwa, wadda da ita nake ci, ya ce ita ke cinye ƴan uwan Hajiya. Bai hana shi shigarta ba ranar da ya ce in kai shi bakin teku da buhun kanwa. A hanya na tambaye shi me zai yi da ita. Ya ce in miyar yakuwa ta yi tsami me uwata take sa mata?

Na ce, "Kawu, teku ce fa."

Ya ce, "Tukunya ce dai babba."

Yana cikin watsawa ɗan sanda ya iso. Ku dubi dai, baƙaƙe biyu da buhun farin gari. Ni lasisina na tuƙi kawai nake tunani. Kawu ya ɗebo ya miƙa masa wai ya ɗanɗana. Allah Ya sa mutumin mai haƙuri ne, ya ce mu ɗaure buhunmu mu bar wurin. Har muka iso gida Kawu na mitar an hana shi ya motsa.

Hunturun da aka kwantar da shi asibiti ya bar min amanarta. Na bi dokarsa, taga a buɗe, ina kwana da jaket. Sai Hajiya ta janye hannuwanta, ta yi fari fat, ko abinci ba ta kamawa. Ni ban iya kwana-kwana ba, na je na gaya masa ta mutu. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya juya wa bango fuska ya daina cin abinci. Nas ta ce in ya ci gaba haka ba zai tashi ba.

Na nemo lambar baturiyar na kira. Ta tambayi sanyin ɗakin, na gaya mata. Ta yi dariya ta ce barci take yi, haka irinsu suke in sanyi ya yi yawa, in rufe taga kawai.

Na rufe. Wallahi ban taɓa jin daɗin bin umarnin wani kamar ranar ba. Kwana kaɗan sai ga ƴan hannuwan sun leƙo suna kaɗawa. Na ɗauka a waya na ruga asibiti. Ya kalla, ya sake kalla, sannan ya ɗago ya harare ni.

"Habu, taga ka rufe ko? Rago." Sannan ya ce, "Akwai koko?"

Ya sha kofi guda ya nemi ƙari. Ya dawo gida, ya ƙara shekara yana takura min kafin ajali ya zo. Bayan sadakar bakwai na mayar wa baturiyar Hajiya da ranta, har ta ƙara ɗan tsiro a gefe. Na sauke kayan da ban taɓa nema ba, kuma bai mutu da baƙin cikina ba.

Allah Ya ji ƙan Kawu. Ya ɗauki damuwar halittar da ba ta da bakin kai ƙara, Allah Ya duba wannan Ya yafe masa sauran, Ya sanyaya makwancinsa.