Jan Farcen Kulu a Cikin Inji

Jibo direba ne, kuma bai taɓa yin wata sana'a ba. Da tsohuwar a-kori-kurarsa yake ɗauko kifi daga Zobe ya kai kasuwar Kurfi, in rani ya yi ya haɗa da tumatir da albasar 'yan lambu. Mutum ne marar yawan magana, kuma ba ya son mai yawanta ta. In ka ce masa za ka yi abu, sai ya ce to, ya zuba ido.

Ba haka ya taso ba. Shekarar da ya sayi motar ya kai ta wani babban wurin gyara a Katsina, mai kujerun zama da fanka, don a yi masa juyen mai kawai. Wani mai zaƙin baki ya lissafo masa cututtukan da ke jikinta, ya ce in ba a canza kaza da kaza ba, ba za ta kai Dutsin-Ma ba. Jibo ya tsorata ya amince. Daga baya da ya shiga ƙarƙashinta, ya tarar da rabin kayan da aka ce an canza suna nan da tsatsarsu, an dai goge su da tsumma. Bai koma ya yi faɗa ba. Gida ya wuce, ya ɗauki kwalbar jan farcen matarsa Kulu.

Tun daga lokacin, duk abin da bakanike ya ce zai canza, sai Jibo ya ɗiga masa jan farce a lungun da ido ba ya kaiwa. In ya karɓo mota ya duba. In ɗigon ya tafi, an yi aiki. In yana nan, shi da wannan gareji har abada. Da haka ya rabu da gareji bayan gareji, har ya faɗa hannun Hudu, wanda ke aiki a gindin wata bishiyar darbejiya a Dutsin-Ma. Shekaru suka yi ta tafiya, ɗigo bai taɓa kama Hudu ba. Tare suke cin gyaɗa, Jibo ya je sunan 'ya'yansa, amma bai daina ɗigawa ba, bai kuma faɗa masa ba.

A ranin bara motar ta fara zafi a hanyar Kurfi. Hudu ya saurari injin ya ce yana zargin famfon ruwa, a kawo ta gobe ya canza shi. Jibo ya koma gida ya ɗiga wa famfon jansa, da safe ya kai ta. Da ya dawo ɗauka bai sami Hudu ba, ya tafi jana'iza a Ɗantutture, ya bar makulli a wurin mai shayi. Jibo ya buɗe gaban mota ya leƙa. Ɗigon na nan, ja wur.

Ya kai kifinsa Kurfi, mota ba ta yi zafi ba, amma shi ya yi. Dokarsa ta ce ya bar Hudu ba tare da magana ba, kamar yadda ya bar sauran. Sai dai Hudu ba sauran ba ne. In kuma ya tunkare shi, dole ya tona cewa duk shekarun nan yana yi masa tarko. Kulu ta ga ya ture tuwo, ta ce, "Malam, ka je ka tambaye shi mana. Kai kullum sai ka yanke wa mutum hukunci a ƙarƙashin mota."

Washegari ya je. Hudu na kwance ƙarƙashin wata mota, ƙafafunsa kaɗai ake gani.

"Hudu, fito. Famfon nan ba ka canza shi ba."

"Wa ya ce maka na canza?" Hudu ya jawo jiki ya fito yana goge hannu. "Na kwance shi, lafiyarsa lau, ya ma fi ka lafiya. Tiyo ne ya tsage ta ƙasa. Shi na canza, tsohon yana ƙarƙashin kujerarka. Sabon famfon da na karɓo na mayar wa mai shago. Ba ka duba ba?"

Jibo bai duba ba. Ya je ya zura hannu, ya zaro tiyon, ga tsagar kamar an sa reza.

"To kai yaya aka yi ka san ban canza ba?" in ji Hudu, yana danne dariya.

Jibo ya hau jujjuya tiyon a hannunsa.

"Haba Malam Jibo! Ni da nake kwana in tashi a cikin injin nan? Tun zuwanka na farko nake ganin kwalliyar. Har na lura lokacin da Kulu ta koma mai ruwan goro, ta sake dawowa ja. Na ce oho, tunda ba fuskata kake shafa wa ba."

"Kuma ba ka ji haushi ba?"

"Haushin me? Wanda ke da abin ɓoyewa shi zai ji. Ni dai matar nake tausaya wa, ka hana ta ado."

Mai shayi ya fashe da dariya, Jibo ma bai san lokacin da ya bi shi ba.

Har yau Jibo bai daina ɗigawa ba, don ba ya daga cikin masu canza hali saboda an yi musu magana mai daɗi. Abin da ya canza shi ne wurin ajiye kwalbar. Ya saya wa Kulu sabuwa, tsohuwar kuma tana cikin akwatin sifanun Hudu. In za a canza wani abu, Hudu ne ke miƙo masa ita ya ce, "Ungo, yi wa amaryarka lalle, in fara aiki." Jibo ya ɗiga a gabansa, ya rufe kwalbar, ya koma kan benci ya jawo ledar gyaɗa.