Ƙudan zuma a ajin lissafi

Jiya na shiga aji da alli a hannu, na tarar ɗalibaina sun rufe ido suna ta "mmmm" baki ɗaya.

Saura kwana uku jarrabawar BEPC ta kammala ƙaramar sakandare. Darektan makarantarmu a nan Dapaong ya je taro Sokode ya dawo da sabuwar hikima, wai haka mutanen Tibet ke yi hankalinsu ya kwanta. Awar bitata ta ƙarshe ya ɗauke don wannan.

Ana cikin haka sai ga maƙwabcinmu Baba Idi, mai ɗiban zuma, ya faɗo da damin ciyawa yana hayaƙi.

"Ina suke? Ku fitar da yaran!"

"Baba, ba zuma ba ce," in ji Darekta. "Natsuwa muke koya musu."

Tsohon ya dube shi sama da ƙasa. "Malam, zuma in tana wannan kukan, aiki take yi. Naku fa?"

Sai aka kaɗa ƙararrawa, ban rubuta ko layi ɗaya a allo ba.

Ban raina natsuwa ba, amma jibi lissafi za a tambayi yaran nan. Iyaye, da kuna wurin, me za ku ce wa Darekta?