Harafin da ba a gani a takardar maganin Baba

Duk wanda ya ba ku labarin nan a danginmu zai ce muku na buɗe wa Yahudawa ƙofa sun shiga wifi ɗin yayana a Malesiya. Ƙarya ce. Ba wanda ya shiga wifi ɗin kowa. Wasu kuma cewa suke saurayi na yi a intanet, wannan ko amsa ba na ba ta. Ga yadda aka yi.

Shekarun baya ne, na gama sakandare ina zaune a gida ba admishan. Aka ce za a kai Baba Kuala Lumpur a duba shi, tunda Yaya yana karatu a can, sai aka haɗa shi da ni don jinya. Muka sauka a falat ɗin Yaya a Cheras, hawa na sha ɗaya. Baba ya ƙi kwana a ɗaki, ya ce sanyin AC yana shiga masa ƙashi, ya sa aka shimfiɗa masa katifa a falo.

Da aka sallame shi, likita ya rubuta ƙwayoyi kala biyar da zai yi watanni yana sha. Matsalar ita ce Baba ba ya karanta boko, ajami yake karantawa, idonsa kuma ya yi rauni. Ga shi mutum ne da ba ya yarda a riƙa ƙirga masa magani a tafin hannu. Na gwada rubuta masa da biro, ya kai takardar kusa da hancinsa ya ce, "Uwata, wannan rubutu ne ko kaji ne suka yi tono?" Ya ce manyan haruffa yake so, lambobin kuma su fito ɓaro-ɓaro irin na jikin kuɗi.

Akwai wata tsohuwar kwamfutar Yaya da ya sa mata wata manhaja wai ita Linux don wani kwas ɗinsu, ya gama ya jefar da ita a saman wadrob. Na ɗauko, na sa mata kibod ɗin Larabci, na sayo sitika na manna a maɓallan. Na buga jadawalin, sunan kowane magani da boko yadda yake a jikin kwali, sauran da ajami. Na sauka shagon ƙasan bene aka buga min a takarda. Na miƙa wa Baba ina jin kaina.

Ban sake karantawa ba. Na san abin da yatsuna suka buga, me zan duba?

Kwana uku bayan haka, muna dawowa daga gidan abinci da ƙunshin gurasar roti a hannuna, Baba ya dafe bangon lif ya ce ƙasa tana juyawa. Da muka shiga gida na ƙirga ƙwayoyinsa, lissafin ya yi daidai. Sai na tambaye shi yadda yake shan ƙaramar farar nan. Ya ce biyu da safe, ɗaya da dare.

Na ce, "Baba, ai ɗaya da safe ne, biyu da dare. Ba ka duba takardar ba ne?"

Ya ɗauko ta, ya ɗora yatsa daga dama yana bi. "Safe, biyu. Dare, ɗaya. Karanta da kanki."

Na karanta. Haka yake a rubuce. Na buɗe kwamfutar, a can ma haka. Na goge layin na sake bugawa a hankali: sunan magani, ɗaya, safe, biyu, dare. Ina kallo lambar ɗaya ta manne wa sunan bokon a can hagu, biyu ta zo ta zauna a gefen safe. Muka kira asibiti, nas ta ce ya koma yadda likita ya rubuta, mu sa masa ido. Daga ranar na koma ba shi magani da hannuna. Yana karɓa ba ya kallona. Kuma saura kwana tara mu koma gida, inda na san ba wanda zai isa ya ƙirga masa.

Na fara tambaya a group ɗin ɗaliban Najeriya na Sri Petaling. Mutum huɗu suka amsa, duk magana ɗaya: ki cire Linux ɗin nan ki sa irin na mutane. Na biyar ya tambaye ni ko ina da aure.

Sai na shiga bincike da ɗan Turancina na sakandare. Duk yadda na juya tambayar, wuri ɗaya ake kai ni: wani dandali na masu amfani da Linux, rabin rubutunsu Turanci, rabi wasu haruffa masu kusurwa kamar an jera ƙananan kujeru. Ibrananci ne, yaren Yahudawa. Ashe su ma daga dama suke rubutu, kuma sun daɗe suna fama da lambobi masu tsalle. Ban so ba, amma ba ni da wani wurin zuwa.

Na yi rajista da sunan ƙarya. Na ce ni namiji ne, malamin makaranta a Landan. Na ɗauki hoton allon kwamfutar na tura.

Wani mai hoton kyanwa ya amsa. Har yau ban san ko namiji ne ko mace ba, ni dai na ɗauke shi namiji. Ya rubuta: "Malam na Landan, agogon kwamfutarka lokacin Malesiya yake nunawa. Wannan ba ruwana. Amma sunan majinyacin da lambar asibitinsa suna saman hoton, kowa yana gani. Goge shi ka turo wani."

Na goge da sauri. Na zauna ina tunanin me yake so da ni. Wanda ya lura da agogo, me kuma ya lura da shi?

Da na tura sabon hoto ya yi min bayani. Ya ce kwamfuta tana ɗaukar lambar da ta biyo bayan boko a matsayin 'yar boko, shi ya sa take bin ta hagu. Ya ce in juya layin gaba ɗaya ya fara daga dama, sannan bayan sunan maganin in saka wani harafi. Ya nuna min inda zan same shi. Ya ce harafin ba shi da siffa, ba shi da faɗi, ba ya fitowa a takarda. Aikinsa kawai ya gaya wa kwamfuta cewa an gama boko, a koma dama.

Harafin da ba a gani. A takardar maganin ubana. Daga hannun mutumin da ya riga ya gane ƙasar da nake. Na rufe kwamfutar na tafi wanke kwanuka.

Washegari na sake buɗewa ina kallon bayanin, Yaya ya shigo ɗaukar caja. Ya tsaya a bayana.

"Ke, wane rubutu ne wannan?"

"Ibrananci."

"Ibra me? Kin san a wace ƙasa muke kuwa? Student visa gare ni fa. So kike a zo a ƙwanƙwasa mana ƙofa?"

"Maganin Baba nake gyarawa."

"Da Yahudawa?"

"To 'yan group ɗinku aure suke nema."

Bai yi dariya ba. Da na gaya masa zancen harafin, ya ce, "Shi ke nan, spyware, abin leƙen asiri. Abin da ba a gani kuma za ki sa min a system."

Kashegari kuma wifi ya ɗauke da rana tsaka yana cikin jarrabawar intanet a ɗakinsa. Kafin ya haɗa da wayarsa minti goma sun tafi. Da yamma ya zo ya tsaya a ƙofar kicin ya ce ranar Asabar zai kai kwamfutar a wanke ta tas, a goge komai na cikinta, kuma kada in ƙara taɓa ta.

Gaskiyar da ban faɗa masa ba ita ce ni ma na lura wifi ɗin yana ɗaukewa a satin, kuma ni ma mai kyanwa na zarga. Don haka da Yaya ya tafi makaranta na buɗe kwamfutar na rubuta masa kai tsaye: tun da na fara magana da kai intanet ɗinmu ke mutuwa, me ka yi mana?

Ya ce bai yi komai ba, amma kada in yarda da maganarsa, in gwada. Ya ba ni wani ɗan gajeren umarni, ping, wanda zai riƙa taɓa akwatin wifi ɗin gidan kowane daƙiƙa ya ga ko yana amsawa. Ya ce in bar shi yana gudu, in rubuta lokacin da ya yi shiru. Kalma huɗu ce duka. Sai da na binciki kowace ɗaya a wayata, da datar wayata ba wifi ba, kusan awa guda, kafin na yarda na danna.

Rana ta farko ya yi shiru ƙarfe biyu da 'yan mintuna, ya dawo wajen huɗu da kwata. Rana ta biyu ina zaune a ɗaki ina gadinsa, ƙarfe biyu da minti biyar ya sake yin shiru. Na tashi na leƙa falo.

Baba yana kwance a katifarsa ya rufe fuska da hula. Akwatin wifi yana saman teburin da ke daidai kansa, ba fitila ko ɗaya a jikinsa. An kashe soket daga bango.

Na jira ya farka don la'asar. Ina kallo ya miƙa hannu ya kunna, ya wuce alwala.

Na ce, "Baba, kai kake kashe abin nan?"

Ya ce, "Ƙyafta min ido yake yi. Mutum ba zai runtsa ba? Ai ina mayar musu in na tashi."

A da ba ya gida da rana, kullum muna asibiti. Satin da ya fara barcin azahar a falo, satin ne na shiga dandalin.

Da Yaya ya dawo na kai shi gaban soket ɗin na nuna masa lokutan da na rubuta. Ya kalli Baba, Baba yana jan carbi abinsa. Ba dama ya yi wa Baba faɗa, sai ya juyo kaina.

"Okay lah, wannan daban. Harafin fa? Nuna min shi."

"Ba a ganinsa."

"To kin gani."

Na ce ya zauna. A gabansa na saka harafin a karon farko, ni ma ban san me zai faru ba. Lambobin suka koma mazauninsu: ɗaya kusa da safe, biyu kusa da dare. Na ce ya danna maɓallin gogewa sau ɗaya. Ya danna. Ba abin da ya ɓace a allon, amma ɗaya ta yi tsalle ta koma bayan sunan bokon. Na mayar da harafin, ta dawo. Ya kashe wifi ɗin da hannunsa ya sake gwadawa, wai ko wani ne yake juyawa daga can. Sau shida ya yi. Daga ƙarshe ya ce, "Still, ban yarda da su ba." Na ce ni ma ban ce ka yarda da kowa ba, layin za ka karanta.

A wannan karon ban miƙa wa Baba takardar na juya ba. Na riƙe ta likita, shi ya riƙe tawa, ya karanta min layi biyar ɗin da ƙarfi ina bi. Duka daidai. Ya ninke ta ya sa a aljihun gaba, sai ya ce, "Saura abu ɗaya. Sama da sati ke nan ina shan magani da saƙe."

"Da me?"

"Saƙe. Ga shi nan. Kaƙin abinci ma akwai. Mu a allon da muka yi, fa ɗigonta a ƙasa yake. Mai ɗigo ɗaya a sama ƙa ce."

Na koma dandalin na tambaya. Mai kyanwa ya ce bai taɓa jin haka ba, ya ce a wannan ni ne malamin, in na samo in dawo in gaya musu. Ba ni da lokacin nema. Na sayo tipes, farin fentin goge rubutu, na shafe ɗigon kowace fa, na ɗiga sabo a ƙasa da biro.

Mutane suna so in ce abin ya koya min daina zargi. Bai koya min ba. Har yau in baƙo ya ba ni umarni sai na binciki kowace kalma. Abin da yake damuna in na tuna shi ne na zargi mai kyanwa, na zargi idon Baba, na zargi wifi, amma takardar da na buga da hannuna ko sau ɗaya ban zarge ta ba, kuma ita ce ta sa ubana ya dafe bangon lif. Ban taɓa gaya wa mutumin nan cewa ni mace ce ba. Na dai rubuta masa na gode, Baba yana shan magani daidai. Ya turo hoton kyanwarsa tana barci a kan kibod.

Ana jibi za mu tafi muka koma ganin likita na ƙarshe. Ya ce bayan wata biyu likitan gida zai iya rage wasu ƙwayoyin ko ya ƙara. A cikin jirgin ƙasan MRT muna dawowa nake ta lissafi: duk ranar da aka canza lamba ɗaya, sabuwar takarda ake buƙata, kuma na san abin da shagon buga takardu na unguwarmu zai yi da layin da ya haɗa boko da ajami. Yaya kuwa bai fasa zancen wanke kwamfutar ba, ya dai ɗaga zuwa bayan tafiyarmu.

Da muka isa gida na naɗe kwamfutar a cikin zanina na atamfa, da cajarta, na sa a ƙasan akwatina. Na yanke cewa sai mun sauka Kano zan gaya wa Yaya.