Motar da Datti Ya Ɗaga Don Kulu

A Kura, in ka ga a-kori-kura ta wuce tana tafe can sama kamar raƙumi, ba sai ka tambaya ba, ta bi ta hannun Datti. Rumfarsa tana bakin titin Zariya, kusa da wani injin shinkafa. Da faci ya fara tun yana saurayi, daga shi sai famfon hannu da daron ruwa na neman huji. Sannu a hankali ya koma kan sifirin da manyan tayoyi, don abin da direbobin yankin ke nema ke nan. Motar da aka ƙera don kwalta, su cikin gonakin Kadawa suke cusa ta, su labta mata kwandunan tumatir har gindinta ya kusa taɓa ƙasa, hancinta na kallon sama.

Aikin Datti shi ne ya raba mota da wannan wulaƙanci. Zai ƙara mata ganyen sifirin a baya, ya saka ƙarfe mai kauri a gaba don ta daidaita, sa'an nan ya ɗaura mata tayoyi manya. In taya tana gogar bodi, ya ɗan yanke bakin bodin ya lanƙwasa. Yana da wata al'ada da kowa ya san shi da ita: ba ya auna mota babu kaya. In direba ya zo da ita wayam, sai ya leƙa teburin mai shayi ya ce, "Ku taso ku hau, yau ku ne tumatir." Haka magidanta za su ɗare baya da kofunansu a hannu suna ta dariya, shi kuwa ya ja baya ya tsuguna, ya kanne ido ɗaya yana dubawa.

Ba mutum ne mai yawan magana ba, kuma fuskarsa kullum kamar wanda aka ɓata wa rai. Matarsa Kulu ce kaɗai ba ta ɗaukar fuskar nan da muhimmanci. Sun daɗe tare, har 'ya'ya duk sun yi gidajensu. Takan ce masa, "Malam, da ni taya ce da na sha hira." Shi kuma ya ce ai taya ba ta mayar da magana. Sonta yake yi ƙwarai, sai dai bakinsa bai iya faɗa ba, hannunsa ne ya iya.

Abin da ke cin ran Kulu shi ne mahaifiyarta, Inna. Tsohuwar tana can Gidan Tambaya, wani ɗan ƙauye a ƙasar Bunkure, bayan babban kanal na ruwan noman rani, kuma tsufa ya kwantar da ita. Da rani hanyar garin ba laifi. Da damina kuwa tarakta kan yi mata kwari biyu ta bar tudu a tsakiya, ƙaramar mota ba ta isa ta bi ba. Kulu ba ta hawa babur tun da ta taɓa faɗuwa, don haka in ba motar mijinta ba, ba ta da hanyar zuwa.

A daminar 2005 suka kama hanya cikin tsohuwar a-kori-kurar Datti, wadda bai taɓa samun sukunin gyarawa ba, yana ta gyaran na mutane. Suna wuce gadar kanal cikinta ya zauna daram a kan tudun nan. Sai da manoma suka bar dashen shinkafa suka turo ta baya. Ana hango rimin garin su Kulu daga wurin, amma da ƙafa akwai tafiya, ga taɓo har ƙauri. Suka juya. Kulu ta juya fuska tana share ido da bakin mayafi. Datti kuwa ya gani.

Ranin da ya biyo baya kaf a kan motar ya ƙare. Da aiki ya yi sauƙi sai ya shige ƙarƙashinta. Ya zaɓo mata ganyen sifirin mafi kyau, ya samo tayoyin da ya fi ƙauna a Kano, ya ɗaga ta fiye da duk wadda ya taɓa ɗagawa. Bai gaya wa Kulu dalili ba, shi a ganinsa ai abin a fili yake. Ranar da ya kawo ta ƙofar gida, yara na bin ta da ihu, ya shiga ya ce, "Fito ki gani. Yanzu ko teku ce a gaban Gidan Tambaya sai mun shiga." Kulu ta leƙo daga zaure ta sa albarka, ta ga mutumin nan yana murmushi har haƙora a waje, abin da ta manta rabon da ta gani.

Ga abin da Datti bai sani ba. A ranar, da ya tafi masallaci sallar azahar, layi ya yi tsit, Kulu ta lallaɓo ta buɗe ƙofar motar ta gwada hawa. Gwiwarta ta daɗe tana damunta, tana ɓoyewa da man zafi. Ta ɗaga ƙafa, ƙafa ta ƙi kaiwa. Ta sake, zafi ya soke ta har ƙugu. Ta mayar da ƙofa a hankali ta koma ciki. Ta yaya za ta ce wa mutumin da ya ƙare rani a kwance cikin baƙin mai motarsa ta yi mata tsawo? Ta zaɓi ta yi shiru, tana fatan gwiwar za ta saki.

Damina ta sauka. Duk Juma'a Datti zai ce, "Yau fa?" Kulu ta ce ta jiƙa wanki. Wata Juma'ar ta ce akwai suna a maƙwabta, wata kuma ta ce hadari ya haɗo. Ran Datti ya sosu. Ya ɗauka raina aikin ta yi, ko tana tsoron ya sake kunyata ta a hanya. Ya daina tambaya. Ita kuma kewar Inna na cinta, ko tuwo ba ta iya gamawa. Ka ji mutum biyu masu son juna, kowa ya rungumi nasa ɓacin ran don kada ya ɓata wa ɗan'uwansa.

Wata safiya cikin watan Agusta, bayan an kwana ana ruwa, wayar Datti ta yi ƙara. Lukmanu ne, ƙanen Kulu. Ya ce jikin Inna ya yi tsanani, ba ta kiran sunan kowa sai na Yaya Kulu. Datti ya rufe rumfa ya zo gida. Wannan karon babu zancen wanki. Kulu ta zari mayafi ta riga shi fita.

Ya tayar da mota, ya ga ba ta shigo ba. Ya zagayo ya same ta riƙe da ƙofa, ƙafa ɗaya a sama tana rawa, hawaye na zuba.

"Mene ne?" in ji shi.

"Ba na iya hawa, Malam. Gwiwata ce. Tun ranar da ka kawo ta na gwada."

Datti ya tsaya yana kallon tazarar da ke tsakanin ƙasa da ƙofar. Shi da ya auna motocin rabin Kura, bai taɓa auna matarsa ba. Kunya da tausayi suka rufe shi lokaci guda. Wata maƙwabciya da ke leƙe ta ce bari ta ɗauko kujera. Bai jira ba. Ya durƙusa a cikin taɓon, ya kafa gwiwa ɗaya ƙasa, ya tokare ɗayar a gabanta.

"Taka nan."

"Subhanallahi! Ni in taka ka? A gaban mutane?"

"Kulu, Inna na jira. Taka."

Ta dafa kafaɗarsa, ta cire takalmi, ta taka. Ya tallafe ta har ta zauna. Wata tsohuwa cikin matan layi ta ce, "Allah Ya yi maka albarka, Datti." Bai ko waiwaya ba.

Motar kuwa ta yi abin da aka gina ta don shi. Ta haye gadar kanal, ta bi kwarin tarakta ruwa na fallatsa gefe da gefe, tudun tsakiya bai ko shafi cikinta ba. Can sai ga rimin garin ya matso. Nan Kulu ta ce a hankali, "Ashe don ni ka ɗaga ta." Datti ya ce, "To don wa?" yana kallon hanya.

A ƙofar gidan ya sake durƙusawa ta sauka, Lukmanu na tsaye baki buɗe. Ta shige tana ɗingishi. Datti ya tsaya a zaure kamar yadda suruki ke yi, wandonsa jage-jage da taɓo. Can ya jiyo wata murya siririya daga ɗaki tana cewa, "Kuluwa, ke ce? Kin zo?" Ya cire hularsa ya rufe fuska da ita.

Inna ba ta daɗe ba bayan wannan. Amma kwanakin da suka rage mata Kulu na gefenta, kuma daga hannunta ta sha ruwanta na ƙarshe.